Farin Dutsen da Ban Ɗora Ba

Shekara talatin da ɗoriya ina gaya wa autana na san inda kabarin ubansa yake. Ban sani ba. Bari in faɗi yadda abin ya faro, sannan in faɗi ranar da ya ƙare.

Maigidana magini ne, ginin dutse. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haife ni, iyayenmu ne suka zo Hajji suka zauna. Wata shekara aka kira shi aiki can kan duwatsun da ke kudu da Ɗa'if, wani ƙauye da gonakinsa ke hawa-hawa a jikin tsauni. Ruwa ya zubar musu da katangun gonaki, suna neman mai tayarwa. Muka bar manyan yara wurin yayata a unguwar Waziriyya, na bi shi da jariri a goye don in riƙa yi masa girki. Wata biyu muka yi. Sanyin can ba irin namu ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Ya kama shi a ƙirji, kwana huɗu yana tari, rana ta biyar da hantsi ya cika.

Mutanen ƙauyen sun yi mana halacci, Allah ya saka musu. Suka yi masa wanka, suka yi masa sutura, suka ɗauke shi kafin la'asar. Mace ba ta bin gawa, kuma a can mace ba ta shiga maƙabarta ko bayan an binne. Ina ɗaki, matan ƙauye sun kewaye ni, ina jin takun maza yana nisa, yana nisa, har na daina ji. Da suka dawo, wani dattijo ya tsaya bayan ƙyaure ya ce da Larabci, "Mun ajiye shi kusa da magarya. Ki yi haƙuri." Iyakar abin da na sani ke nan. Washegari aka sauko da ni a bayan motar kayan lambu, na zo Jidda na yi takaba.

Ana nan, jaririn nan ya kai shekara shida. Ranar wata sallah ya shigo yana kuka, wai yaran lungu sun ce kowa yana da uba, ko a gida ko a maƙabarta, shi nasa ina yake? Na ɗora shi a cinya. Na ce masa ubanka yana kan dutse, kusa da gajimare, ƙarƙashin wata magarya, kuma akwai wani farin dutse a wajen kansa, ni na ɗora shi da hannuna don kada ya ɓace mana. Kukan ya tsaya. Gobe ya ce a sake, na sake. Jibi ya ce dutsen yaya girmansa, na ce kamar turmin dakan yaji. Haka labarin ya yi ta yin ƙiba a bakina, har ni kaina wani lokaci sai in ji nauyin dutsen a tafin hannuna.

Ya girma ya zama bakaniken babura, abin da yaran nan ke kira dabbab. In sanyi ya shigo aka fara ruwa, Juma'a da Asabar ba a ganinsa, shi da abokansa sun hau duwatsu, su dawo da taɓo har gira. Sau nawa yana cewa, "Inna, zo ki nuna min." In ce gwiwata. In ce baɗi. In ce bari ruwa ya ɗauke.

To, sai baɗi ta ƙare. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya rasu, magada suka rufe garejin, aka yi ta neman inda za a mayar da iƙamarsa, wato izininsa na zama a ƙasar, ba a dace ba. Halas, in ji Larabawa, wato shi ke nan, aka buga masa hatimin fita ba dawowa. Kano zai tafi, garin kakanninsa, garin da bai taɓa takawa ba. Jirgi ranar Talata. Ranar Laraba kafin nan ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Inna, ba na roƙonki komai sai abu ɗaya. Ba zan bar ƙasar nan ban yi wa Baba sallama ba."

Yayarsa tana gefe tana gyaran mulukhiyya, lalon miya. Ta ce, "Kai majnuni ne? Inna a kan dabbab? Inna da sai an riƙe ta take hawa bene?"

Ya ce, "Ke da ko keke ba ki iya ba, wa ya sa bakinki?"

"In ka kayar da ita, wallahi kafin jirgi ya ɗauke ka ni zan ɗauke ka."

"Inna ta fi ki zuciya. Ko ba haka ba, Inna?"

Suka juyo suna kallona, suna dariya. Nan ne ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kai mu."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, surukina, mijin yayarsa, ya ɗora babur ɗin a bayan akori-kurarsa muka kama hanya. Muka kwana a wani gari a gindin tsauni. Asabar da safe gari ya tashi da yayyafi, sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen duwatsu. Inda kwalta ta ƙare surukina ya taka birki ya ce shi motarsa ba akuya ba ce, nan zai jira mu.

Auta ya sauke babur. Ya tsuguna ya rage iskar tayoyi, wai don su kama tsakuwa. Ya ba ni wandonsa na sa a ƙarƙashin abaya, ya tattare bakin abayar ya ɗaure min a ƙugu kada sarƙa ta ja. Ya kifa min hular kwano a kan mayafi. Surukina ya juya baya kafaɗunsa na rawa, na san dariya yake ɓoyewa. Da suka ɗora ni, auta ya ce in miƙo zanen da na yafa. Ya zagayo da shi ta bayana, ya ɗaure a ƙirjinsa, ya ja ƙulli biyu. Ya ce, "In na karkata ki karkata. Kada ki yi gardama da hanya, ki bi jikina kawai." Ta wannan hanya na sauko da shi a goye, ga shi ta nan zai hau da ni a goye. Na kifa fuskata a bayansa na yi bisimilla.

Muka hau. Hanyar burji ce, tsakuwa zalla, faɗinta bai wuce mota ɗaya ba. Hannun dama dutse, hannun hagu babu komai sai iska. Yayyafi ya koma ruwa sosai. Ina jin tsakuwa tana tsalle tana bugun ƙarfe, ina jin tayar baya tana zamewa kaɗan ta dawo, ta zame ta dawo, kamar mai tafiya a santsin banɗaki. A kowace kwana sai ya sauke ƙafa ɗaya ya dogara. Birai sun jeru a ƙarƙashin wani falalen dutse sun takure, ko kallonmu ba su yi ba. Muka shiga gajimare, na daina ganin ramin da ke hagu, sai dai na san yana nan. Ruwa ya bi ta wuyan rigata ya gangara har gadon baya. Ban ji tsoron faɗawa ba, wallahi ban ji ba. Abin da ke jirana a sama shi nake tsoro.

Muka iso wani kwari, ruwa ja yana ratsa hanya. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce in ruwan na ɗauke da itace da ganye, to babban yana tafe a baya, ba a shiga. Wannan babu komai a kansa. Ya shiga a hankali, muka haye. Muna fita, a hawan da ke gaba, tayar ta tafi gaba ɗaya. Babur ya kwanta, mu ma muka kwanta, a ɗaure da juna, cikin taɓo.

Ya kwance zanen. "Ya ummi! Ya ummi, kin ji ciwo? Motsa ƙafar in gani."

Gwiwata ta gurje, jini kaɗan. Ya cire rawanin da ya naɗa a wuya ya ɗaure min. Ya zauna a kan dutse, ruwa na zuba a kansa, ya ce, "Halas. Mu koma. Baba ba zai so in karya ki saboda shi ba. Ya isa na zo kusa."

Ga ƙofa an buɗe min. In na ce to, shi ke nan, zai hau jirgi da farin dutsensa a zuciya, ni in mutu da nawa sirrin. Na dube shi. Ruwa na bin gemunsa, gemun ubansa sak, har 'yar furfurar da ta fara fitowa a gefe. Na ga mutum ne babba nake ta yi wa maganar da ake yi wa yaro mai shekara shida. Na ce, "Tashe ni. Ba mu zo nan don mu koma ba."

Wajen azahar muka isa. Ƙauyen ya mutu. Gidajen dutse rufinsu ya rufta, sababbin na siminti duk a kulle, masu su sai da zafi suke zuwa hutu. Katangun gonakin suna nan tsaye, na nuna masa, na ce wannan da wancan hannun ubanka ne. Wannan kam gaskiya na faɗa, don ina zaune aka yi su. Ya sauka ya shafa duwatsun, ya tura yatsa a tsakaninsu ya ce ko siminti babu.

Maƙabartar tana bayan masallaci, a gangare, da 'yar gajeriyar katanga da ƙofar ƙarfe mai tsatsa. Na tsaya a bakin ƙofa, nan ne iyakata. Na leƙa. Magarya ba ɗaya ba ce, sun kai biyar, wasu tsofaffi wasu 'yan bana-bana. Kaburbura sun cika gangaren, babu suna, babu rubutu, dutse a kai dutse a ƙafa. Kuma ƙasar can farin dutse ne da ita ko'ina. Kusan kowane kabari da nasa.

Ya cire hular kwano ya rataye a ƙofa. Ya ce, "Wanne ne, Inna? Nuna min daga nan."

Na ɗaga hannu. Akwai wani can ƙarƙashin babbar magaryar, dutsensa ya yi girman turmi, kamar don ni aka ajiye shi. Yatsana har ya miƙe. Sai na tuna duk wanda ke kwance a nan shi ma ɗan wani ne, uban wani ne, kuma ina tsaye gaban mutanen da suka riga suka ga gaskiya. Hannun ya sauka da kansa.

Na ce, "Ban sani ba, auta."

"Kin manta? Ba komai, duba a hankali, an daɗe."

"Ban manta ba. Ban taɓa sani ba. Ban taɓa zuwa ƙofar nan ba sai yau. Ina ɗaki aka ɗauke shi."

"Dutsen fa?"

"Babu dutse. Ban ɗora komai ba."

Ruwa na dukan hular kwanon da ke rataye, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ce, "Ko sau ɗaya?" Na ce ko sau ɗaya. Ya koma Larabci, kamar yadda yake yi in abu ya yi masa zafi, "Lesh, ya ummi? Lesh?" Wato don me. Na ce ka shigo kana kuka, ba ni da uban da zan ba ka, sai na ba ka dutse. Daga baya kunya ta hana ni karɓewa.

Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya shiga. Na zaci zai tsaya a tsakiya ya yi addu'a ɗaya ga kowa, yadda ake yi. A'a. Kabarin farko ya nufa, ya tsaya a wajen kai, bakinsa ya motsa, ya matsa na biyu. Daga na biyu na uku. Layi ya ƙare ya kama na ƙasa. Ƙafafunsa na nutsewa a taɓo yana zarewa. Da ya zo layin da ke kusa da katanga sai na ji abin da yake faɗa, da Hausarsa ta ɗan Jidda mai karkacewa: "Assalamu alaikum. In kai ne babana, ni ne autanka. Zan tafi ranar Talata. Allah ya ji ƙanka."

Haka ya bi su duka, manya da ƙanana, har waɗanda suka shafe sai alama. Ni ina riƙe da ƙarfen ƙofa, sanyi ya kashe min yatsu, ban iya zama ba, ban iya kuka da sauti ba. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai, sannan ya fito. Leɓunansa sun yi fari. Ya zauna yana sa takalmi, bai ɗago ba ya ce, "Da Hausa na yi. Mutum ɗaya ne a cikinsu zai gane."

Muka yi salla a barandar masallacin, muka sauko. Saukowa ta fi hawa wuya, birki yake ta lallaɓawa, amma bai sake kayar da ni ba har kwalta. Surukina ya taso da murna yana cewa, "Kun same shi?" Auta ya ce, "Na gaishe shi." Ya kama ɗaure babur.

Ranar Talata ya sumbaci goshina ya ce in yafe masa. Na ce ni ce mai neman yafiya. Ya ce, "Yalla, Inna, kada jirgi ya tafi ya bar ni." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Yana kirana duk Juma'a, mu yi zancen gwiwata, mu yi zancen aikinsa, mu yi sallama. Jikokina na nan kuwa, in suka tambaye ni ina Kaka yake kwance, ina ce musu yana kan dutse, a kudu da Ɗa'if, wurin kam ban sani ba.