Goggo da Matankaɗinta

Shekarunta hamsin da uku, kuma ita ce mafi tsufa a cikin masu rubuta manhajar kwamfuta a kamfanin da ke haɗa wa makarantu sakamakon jarrabawa. Kowa Goggo yake ce mata, har da maigadin da ya girme ta. Teburinta na kusa da taga, da tsohuwar kwamfuta wadda harafin A ya goge a kanta, da kofin shayi mai tsagaggen baki da ba ta bari a taɓa.

Abin da aka san ta da shi bai wuce layi ɗari da arba'in ba. Wani ɗan kundin umarni ne da sauran manhajojin kamfanin ke aro, ta sa masa suna Matankaɗi. Tambayoyi tara kawai yake yi wa duk abin da aka shigar, irin su: kai lamba ne? Rubutu ne? Kwanan wata ne? Ko kuwa gurbin babu komai? Idan amsar ba ta dace da wurin ba, sai ya tsayar da aikin cak.

Dalilin rubuta shi ba ɓoyayye ba ne. Harshen kwamfutar da suke aiki da shi irin mai kawaici ne, duk abin da ka miƙa masa karɓa yake yi, ba ya tambaya. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wani malami ya shigar da maki arba'in a matsayin rubutu, manhaja ta zo haɗa shi da talatin da biyar, maimakon ta tara sai ta manna su. Aka buga wa wata ɗaliba sakamako da maki dubu huɗu da talatin da biyar a lissafi. Ofis ya yi kwana biyu yana dariya. Goggo ba ta yi ba, ta zauna ta rubuta Matankaɗi. Tun daga ranar aka kafa ƙa'ida, ba a canja ko ɗigo a cikinsa sai ta amince.

Wata shida ke nan da aka kawo sabon shugaban sashe, mutum mai kuzari da son a gama abu jiya. Makarantu suna damunsa da waya: duk lokacin da aka bar gurbin makin ɗalibi ɗaya babu komai, sai Matankaɗi ya riƙe sakamakon aji guda. Ya kira Goggo ofishinsa.

"Goggo, gyaran layi ɗaya ne. Inda babu komai, a ɗauka sifili ne. Shi ke nan kowa ya huta."

"Ranka ya daɗe, sifili maki ne," in ji ta. "Ɗalibi ya zauna, ya rubuta, bai ci ba. Babu komai kuwa, ƙila yana kwance a asibiti, ƙila malaminsa ne bai shigar ba. Ka mayar da shi sifili, ka sa ya maimaita aji."

"Ai makaranta za ta gyara daga baya."

"Takardar da ta riga ta isa hannun uba? Bakin alƙalami ya bushe."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya ce yana ba ta zuwa Alhamis: ko ta amince da gyaran, ko ya karɓe Matankaɗi daga hannunta ya ba wani, ita kuma a mayar da ita sashen amsa koke-koke.

Da ta koma gida ta tarar da maigidanta, tsohon kafinta ne, yana ɗaure ƙafar kujera a tsakar gida. Ta ba shi labari tana cire takalmi.

"Ke ai ko gishiri aka miƙo miki sai kin tambaye shi ko gishiri ne," ya ce. "Ki bar musu mana. Manhajar ubanki ce?"

"Kai ka taɓa yanka katako ba ka auna ba?"

"Sau ɗaya. Ga kujerar nan."

Ta yi dariya har ta dafa bango, amma ba ta sauka daga ra'ayinta ba.

Ranar Laraba ba ta yi gardama da kowa ba. Ta zaƙulo duk guraben da Matankaɗi ya tsayar a zangon da ya wuce, ɗalibai ɗari uku da goma sha biyu. Ta duba abin da makarantun suka cike daga baya: ɗari biyu da saba'in a cikinsu sun ci jarrabawar sarai, makinsu ne ya makara. Ta buga jerin sunayen, shafi takwas, ta kai teburin shugaban, ta ɗora biro a kai.

"Ga su nan, ɗana. Tunda sifili kake so, rubuta wa kowa nasa da hannunka, ka sa hannu a ƙasa. Kwamfuta ba ta da kunya, shi ya sa kake son aikenta. In ka gama, ni ma zan amince."

Ya buɗe shafin farko, ya ɗan jima a kai, sannan ya tura takardun cikin aljihun tebur. 

Alhamis ta zo ta wuce. Bai rubuta sifili ko ɗaya ba, bai kuma karɓe Matankaɗi ba. Sai dai ya daina amsa gaisuwarta da baki, da kai yake amsawa, kuma bai janye buƙatar gyaran ba. Goggo ta ce wanda ya yi fushi da matankaɗi, tsakuwa zai ci.

Yau da safe buƙatar ta sake bayyana a kwamfutarta, karo na uku. Ta kurɓi shayi, ta ƙi amincewa, ta rubuta a ƙasa: "Babu komai ba sifili ba ne." Sannan ta ƙara wa Matankaɗi layi shida, ta yadda idan ya tsayar da aji zai aika wa makarantar sunan ɗalibin da aka tsallake, da tambaya ɗaya: ina makinsa?