Baiti Huɗu da Bakin Tanko

Jiya na shaƙi ƙurar alli, sai marigayi Mushe, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa, ya faɗo mini a rai. Ba ya dukan mai cin zali. Waƙa yake sa shi rubutawa da bakin wanda ya zalunta.

Ni na ja yara muka yi ta yi wa ɗan ajinmu Tanko ihu don ba a salla gidansu. Mushe ya miƙo mini takarda, murya a gajiye: "Ɗana, zama Tanko, baiti huɗu kawai."

Kwana uku ina fama da ita da ajami. Ran da na kawo, uban Tanko ya riga ya mayar da shi gona a Safo.

Allah ya haskaka kabarin Mushe, ya haɗa ni da Tanko kafin ajalina.