Muryar Yaya Bukar ta dawo da la'asar

Ina zaune a gindin darbejiyar gidanmu a Gashua, kwamfuta a cinya, sai ƴar na'urar da ke rataye a ɗakin Inna ta ce, "Inna, la'asar ta yi."

Muryar marigayi Yaya Bukar ce. Shi ya haɗa na'urar, ya rubuta manhajar da ke lissafa lokutan salla, ya naɗi muryarsa a ciki. Da na zo daga Nguru na sabunta mata tsari, sai ta yi tsit. Tun daga ranar kullum idon Inna na kan bangon da take rataye.

Ashe tsohuwar manhajar raba kowace lamba mai ɗigo, kamar 3.5, take yi a ƙananan ma'ajiya biyu, sababbin manhajoji kuwa ma'ajiya ɗaya mai faɗi suke so. Sai da na gyara kanel, wato zuciyar tsarin, ya riƙa ba kowace manhaja yanayin da ta saba, sannan muryar ta dawo yau.

Inna ta fito da buta a hannu. "Me ya hana shi magana kwanakin nan?"

"Garwa biyu yake ɗauka a sanda, Inna, irin ƴan ga-ruwan da. Na yanzu jarka ɗaya suke ɗauka. Na roƙi mai rijiya ya bar kowa ya ɗiba da abinsa."

Ta daɗe tana kallon labulen ɗakin, iska na kaɗa shi a hankali.

"Dama haka yake," ta ce. "Kullum hannu biyu cike yake shigowa gidan nan."

Allah ya jiƙansa. Ku fa, wane tsohon abu kuke lallaɓawa saboda wanda ya bar muku shi?