Kular Gwaggo Rabi

Wata Laraba ce cikin watan Afrilu na 1998, da tsakar rana, ana irin zafin nan na Gusau da ko kaza sai ta buɗe baki take numfashi. Na dawo daga makaranta, lokacin ina aji huɗu, takalmin roba na ƙona mini tafin ƙafa, sai na hango wata shuɗiyar kula a ƙarƙashin gadon Innarmu, an lulluɓe ta da tsohon bargo. A gidanmu na Damba ba mu da firji, wutar ma sai ta ga dama take zuwa, saboda haka duk abin da aka rufe da bargo cikin bazara, ni Bilki sai na ga ƙwaƙwaf. Ina ɗaga murfin sanyi ya bugi fuskata. Ƙanƙara ce manya guda uku, a tsakiyarsu kuma ga ƙananan kwalabe a jere, kowace an manna mata farar filasta an rubuta lamba da biro.

Kular ta Gwaggo Rabi ce, autar su Babanmu, wadda take karatun digiri na biyu a wata jami'a mai nisa. Mutanen unguwa likita suke ce mata, ita kuma kullum sai ta ce ba ta ba da magani, bincike take yi. Mu yara ta taɓa yi mana bayani muna ɓarar gyaɗa. Ta ce a jinin kowane mutum akwai sojoji da Allah ya sa masa, masu tare cuta tun daga bakin ƙofa, ita kuma so take ta gano abin da ya sa suke barin ciwon daji ya wuce ta gabansu kamar ba su gan shi ba. Don wannan ne ta kwashe wata uku tana hawa motar kasuwa, yau Rawayya, gobe Bungudu, jibi 'Yandoto ta wajen Tsafe, tana neman mata masu ciwon dajin mama, waɗanda suke ɓoye abin a ƙarƙashin zane suna shafa masa saiwa. Ba ƙaramar wuya ta sha ba. A lokacin ana ta raɗe-raɗin masu ɗibar jinin mutane su sayar, sai ta zauna a soro da maigida ta yi ta lallashi kafin a bar ta ta shiga ciki. Mata goma sha shida suka yarda. Ta tace jininsu a wani asibiti cikin gari, ta adana a firjin can, ranar nan kuma ta kwaso zuwa gida don washegari da sassafe za ta kama hanyar jami'a. Tun da safe ta ja mana kunne cewa kada wanda ya taɓa abin da za ta kawo. Na ji da kunnena, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

To amma akwai Zainabu, wata 'yar layinmu. Babanta babban ma'aikaci ne a sabuwar jiharmu, gidansu da firji har da janareta. Kullum idan muka taru a gindin dogon yaro muna 'yar carafke, sai ta fito da ƙanƙara a leda, ta ba wadda ta ga dama ta lasa. Ni kuwa ta taɓa ce mini a gaban kowa, "Ku da kuke shan ruwan randa kamar 'yan ƙauye." Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai. Ranar kuma Inna da Gwaggo sun fita barka a maƙwabta, gidan daga ni sai awaki. Ban tsaya wani dogon tunani ba, na kwashe ƙanƙarar nan duka uku a babban kwanon Inna, na fita da ita ina tafiya ɗaiɗai. Muka fasa da dutse, muka zuba a zoɓo, har Zainabu sai da ta miƙo mini hannu. Na yi sarautar da ba ta kai awa guda ba.

Da na dawo gida sai dabara ta zo mini, kuma har ga Allah a lokacin gani nake na fi kowa wayo. Na ce ai sanyi ake so, ruwan randarmu kuwa duk layin babu mai sanyinsa. Na ɗauki moɗa na yi ta kamfata ina zubawa a kula har ta kusa cika, na jiƙa buhu na rufa a kai yadda na ga masu goro suna yi, na mayar da bargo. Daga nan na ɗauki allona na tafi Islamiyya, har da 'yar waƙata a hanya.

Bayan la'asar na dawo na tarar da Gwaggo zaune dirshan a ƙasa, kular a gabanta. Kwalaben suna yawo a saman ruwa, filastocin duk sun ɓanɓare, tawadar ta wanke. Tana tsamo su ɗaya bayan ɗaya tana shimfiɗawa a cinyarta, ko za ta ga sauran lamba. Babu. Abin ya yi ɗumi, kuma ko da bai lalace ba, ba a san na wace ce wanne ba. Inna ta ce ƙila zafi ne ya narkar da ƙanƙarar, Baba ya ce mai ƙanƙarar ne ya ba ta marar ƙwari. Gwaggo ta ce a hankali, ƙanƙara uku ba ta cika kula da ruwa haka. Ta ɗago ta dube ni. Na sunkuya ina gyaran igiyar allona. Can sai ta ce a bar maganar, ita ce ta yi sakaci ta fita ta bar kayan.

Ranar Asabar ta ce wa Inna in raka ta in riƙe mata jaka, za ta koma wurin matan nan ta sake roƙonsu. Gidan farko da muka nufa a 'Yandoto na wani manomi ne, Malam Sani. Tun daga nesa muka ga tabarmi a ƙofar gida, ashe matarsa Ladi, ɗaya daga cikin sha shidan, ta rasu, jiya aka yi addu'ar bakwai. Gwaggo tana iya yin ta'aziyya ta tashi abinta, babu wanda zai taɓa sani. Amma sai ta durƙusa a soro ta gaya masa gaskiya, cewa jinin da ta ɗiba ya lalace a hannunta.

Malam Sani ya dube ta ya ce:

"Ni ban so ba, Malama. Ita tac ce a bari ki ɗiba, don kin ce zai amfani ɗiyanta mata. Har kwana biyu kafin ta cika tana tambaya ko kin kai. Mi anka yi ya lalace?"

Gwaggo ta yi shiru, shiru mai tsawo, ni kuma ina tsaye a bayanta rungume da jaka, na san sarai wa aka bar wa wannan shirun. Na ɗaga kai na shiga ƙirga azarar soron.

"Laifina ne, Baba," in ji ta. "Ka yafe mani."

Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma kada ta ƙara shigo masa gida da allura. Kafin mako ya zagayo labari ya kai har Rawayya cewa 'yar bokon nan zubar da jinin mutane take yi. Mata biyar kaɗai suka yarda ta sake ɗiba. Shekara guda cur ta ƙaru a kan karatunta. Ni kuwa na ci gaba da cin tuwona ina zuwa makaranta, sai dai duk ranar da ta zo hutu ta miƙo mini tsaraba, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yau Gwaggo Rabi farfesa ce. Ta yi karatu a waje ta dawo, ta yaye ɗalibai da yawa, aikinta a kan sojojin jiki da ciwon daji ya kai inda ita kanta ba ta taka ba, kuma na san mata a Gusau da suka je asibiti da wuri saboda sun ji bayaninta a rediyo. Ni malamar firamare ce, ni ce ma mai tsare yara in ce wanda ya yi laifi ya tashi ya faɗa da bakinsa. Sai bara waccan, ranar sunan ɗana na uku, na same ta ita kaɗai a ɗaki tana ninke zanen goyo, na durƙusa na faɗa mata komai, da kwano da moɗa da buhu. Ta saurare ni har na gama.

"Ni ai tun a motar dawowa daga 'Yandoto na yafe maki, Bilki," ta ce. "Wanda ya yi tambayar ne ba ki ba amsa ba, shi kuwa ya daɗe da rasuwa."

A wancan lokacin yarinya da gwaggonta suna iya hawa motar Tsafe da hantsi su dawo kafin la'asar ba tare da kowa ya damu ba. Yanzu sai an yi tambaya an yi addu'a kafin a kama hanyar, ko na je ma ban san wa zan yi wa sallama a soron ba. Ranar da akwai mai saurare, ban yi magana ba.