Sunan Baba a Ƙasan Shafi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, amma abin da ya hana ni sukuni ya soma ne bara, ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba. Ina zaune a ɗakin karatu na jami'a, na rubuta sunansa a injin bincike, don kawai in gani. Shafin da ya fara fitowa na wani ne da bai sa sunansa ba, yana cewa a lokacin tashin hankali Baba ya ɓoye makamai a shagonsa na Kasuwar Kilomita Biyar.

Atamfa yake sayarwa. Mutum ne da idan yadi ya gaza da ɗan yatsa, zai bi mai saye har unguwar Kokoro ya sauya masa. Ƙanwata Hadiza tana shekara biyu ya rasu. Yanzu tana tara, ta fi jin Sango, yaren ƙasar nan, da Hausa, kuma ta fara rubuta sunayen mutane a injin bincike a wayar Inna. Wata rana za ta rubuta nasa.

Na buɗe shafi, na rubuta rayuwarsa, kowane zance da shaidarsa. Na cije kunyata na zagaya wajen 'yan kasuwa masu shafukan talla, na roƙe su su sa mahaɗi zuwa nawa, wato kalmar da ake latsawa ta kai mutum wani shafi. Babu wanda ya ƙi. Alhaji Ɗanladi, abokinsa na saye da sayarwa, har da hawaye: "'Yata, wannan ai ba roƙo ba ne."

Sai dai duk sun sa shi a inda muke sa mamaci: can ƙarshe, bayan an gama zancen duniya. A ƙasan kowane shafi, da ƙananan haruffa, kalmomin da ake latsawa su ne "Allah ya jiƙan magabatanmu". Ba wanda ya iya ambaton sunansa tsakanin farashin shadda da hoton takalma. Ni ma a nawa shafin "Baba" na yi ta rubutawa. Da yana raye, na san da ya ce haka ya dace, ladabi ke nan.

Wata shida ina dubawa kowace Juma'a. Mahaɗaina sun kai goma sha ɗaya, na wancan uku ne kacal, amma yana nan a sama. A watan jiya na ga nasa na huɗu ya ƙaru.

Abin da ya rage na Baba a unguwa, amana ce da mutanen da suka san shi suke riƙe da ita, kuma suna raguwa. Biyu daga cikinsu mun yi jana'izarsu bana.

Ƙarshe na kai maganar wajen Anti Rabi, wadda take gina wa 'yan kasuwa shafuka. Ta daɗe tana duba allon kafin ta ɗago.

"Injin nan idon mai karatu yake bi, kuma ba mai sauka ƙasan shafi. Masu sa mahaɗi zuwa wancan shafin, a tsakiyar labari suka sa nasu, da cikakken sunansa."

Na ce, "To, Anti, idan mun gyara, wancan shafin zai sauka kafin Hadiza ta gani?"

"Ban sani ba, Safiya. Amma ku kuna jin nauyin faɗin sunansa, su kuwa ba sa ji. Yanzu sunan a hannunsu yake."