Ƙaramar Butar Baba Habila

Kafin a buɗe ƙofar kan iyaka a Jibiya, kafin direbobin da suka kwana a gindin motocinsu su gama miƙa, Baba Habila ya riga ya hura gawayi. Zai share gaban tebur, ya yayyafa ruwa, ya jera burodi, sannan ya ɗora butoci biyu. Babbar ta kowa da kowa ce. Ƙaramar kuwa, wadda mariƙinta ya karye tun tuni aka ɗaure da waya, ita ce dalilin wannan jinjina.

Duk wanda ya taɓa zaman jiran kwastan a hanyar Maraɗi ya san teburin nan. Mai shi mutumin Malumfashi ne, ya zo Jibiya da ƙuruciyarsa, ya yi furfura yana zuba wa matafiya shayi. Ranar Lahadi kaɗai ake rasa shi da safe, sai an tashi daga coci. Ba shi da yawan magana, amma idan ya yi guda ɗaya sai ta wuni tana yawo a tasha.

Asalin ƙaramar buta daga gida ne. Matarsa, Mama Hanna, ta kamu da ciwon suga, ita kuwa ko kunu ba ta sha sai ya ji sukari. Da aka hana ta, sai ta koma kallon kofi kamar wadda aka yi wa rasuwa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ba su labarin wani ganye da ake kira sitibiya, wanda ya fi sukari zaƙi nesa ba kusa ba, kuma ba ya tayar da ciwon. Baba Habila ya sa aka kawo masa dashe daga Zariya. Zafin Jibiya ya ƙone na farko, awakin maƙwabta suka yi buki da na biyu. Na uku ne ya rayu, a cikin yankakkun jarkoki, ƙarƙashin darbejiya, an kewaye shi da ƙaya. Idan ya tsinko ganyen, a inuwa yake shanya shi, kan faranti mai tsabta, ya rufe da ƙyalle saboda ƙura da ƙuda. Wanda ya yi fumfuna, ko kaɗan ne, bola yake tafiya.

Da Mama Hanna ta dawo da fara'arta, sai ya tuna da mutanen teburinsa. Ya daɗe yana lura da direbobin da ba sa rabuwa da ruwan sha, suna zagayawa bayan mota a kai a kai, waɗanda za su ce a sa musu sukari kaɗan, da ya juya baya su ƙara da hannunsu. Saboda su ya ɗora buta ta biyu.

Sai dai ba a shan shayin wannan buta sai an sha wa'azi tukuna. Duk wanda ya zo karon farko, Baba Habila zai dube shi ya ce, "Wannan zaƙi ne kawai, ba magani ba ne. Ƙwayarka ta asibiti tana nan?" Ya san mutanensa. A wurinmu da an ce ganye, kunne magani yake ji. Mutane nawa suka ba shi shawara ya dinga cewa yana warkar da suga, ai da tuni ya gina bene. Dariya kawai yake yi, ya ci gaba da fifita wuta.

Fatu mai ƙosai, wadda kaskonta ke daura da teburinsa, ita ta ga abin da ya faru da Malam Zunnuraini, kuma har yau ba ta gajiya da ba da labarin. Zunnuraini direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi zuwa Maraɗi. Mutum ne mai barkwanci da saurin fushi, kuma ya daɗe cikin 'yan ƙaramar buta. Wata safiya ya zo yana ɗingishi, ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma. Ƙusa ya taka a garin Ɗan Isa, in ji shi, ba wani abu ba ne. Ya zauna a benci, ya zaro wata leda mai hoton koren ganye, cike da farin gari.

"Baba, yau ruwan zahi kawai za ka ba ni. Na samo wanda ya hi naka. Sansukur ake ce mai, haka Faransawa suka rubuta, babu sukari ciki. Mai saidawa ya ce ganyen nan ne aka tace, shina kashe suga har saiwa."

"To, madalla. Ƙwayar asibiti fa?"

"Mi zan yi da ita kuma? Tun kaka na aje ta."

Baba Habila bai yi gardama ba. Ya ɗebi garin kaɗan ya zuba a gefen tebur, ya murza busasshen ganyensa ya zuba a ɗaya gefen, ya koma yanka burodi. Kafin Fatu ta kwashe ƙosan da ke wuta, kiyashi ya yi layi ya rufe farin garin, ko kallon ganyen bai yi ba.

"Ni dai ban san abin da ke cikin ledar nan ba," in ji Baba Habila. "Amma kiyashi ba ya jin Faransanci."

Benci ya kwashe da dariya. Baba Habila bai yi ba, don idonsa na kan tsumman nan, da ƙudan da ke binsa. Ƙafar dama ita ce ta totur da birki, ita ce abincin gidan Zunnuraini gaba ɗaya. Sai Baba ya ɗauki kofin da ya saba zuba masa ya kife shi a kan tebur.

"Malam, yau babu shayinka a nan. Sai likita ya ga ƙafar nan."

A hana mutum shayi a gaban abokan aikinsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma Fatu ta ce ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa haka ba. Zunnuraini ya miƙe, jijiyar wuya ta tashi. "Ni za ka tozarta cikin mutane, Baba? Kai kaɗai ka iya dahwa ruwa a Jibiya?" Ya nufi motarsa, ya kama ƙofa, ya ɗora ƙafar a matakala zai hau. Ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya sulale ya zauna a ƙasa, gumi na keto masa.

Baba Habila bai ce ai na faɗa maka ba. Ya bar wa Fatu tebur da cinikin safiya, ya turo tsohon babur ɗinsa, ya ce a taimaka a ɗora masa shi. Daga asibitin gari aka tura su Katsina. Can likitoci suka cire ƙaramin yatsa, suka ce da an ƙara jinkiri, da ƙafar ce za ta tafi har gwiwa.

Baba Habila, kai ne mai shayin da ya yarda ya rasa mai saye da dai mai saye ya rasa ƙafa. Kai ne ka riƙe ganye mai zaƙi a hannu, ka ƙi ɗora masa ƙaryar da za ta ƙara masa kasuwa. Ba ka taɓa sa farar riga ba, ba ka kuma taɓa yin kamar ka sa ba, iyakarka ka nuna wa mutum hanyar masu ita. Mu da muka sha daga butarka muna ƙaunarka, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Bana gwiwoyin Baba Habila suka ce ya isa. Ya miƙa teburin ga Mahmudu, maƙwabcinsa, tare da ƙaramar buta da rabin jarkokin ganye, bisa sharaɗin ba zai zuba wa kowa ba sai ya yi masa tambayar nan ta ƙwayar asibiti. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, kai da Mama Hanna. Masu zuma da mazarƙwaila, masu garin leda da masu ganye, ga abin koyi nan: ku faɗi abin da ke cikin kayanku, ku tsaya a nan.

Ranar da za su koma Malumfashi, tun da hantsi wata babbar mota ta toshe lungunsu. Kayan gaba ɗaya ba su wuce gado da tukwane da 'yan jarkoki ba, ko kwata ba su ci ba a bayanta. Baba Habila ya ce wannan ai ɓarnar mai ce. Zunnuraini ya leƙo ta taga ya ce, "Hau dai, Baba. Ƙahwarka ce za ta kai ka gida." Ya ɗora ƙafar nan da Baba ya ceto a kan totur ya taka.