Murjanin da Na Ƙi Karɓa

Makon jiya a ɗakin gwaje-gwaje na jami'armu, na ɗiga ruwan asid a kan wani guntun murjani, sai ya yi kumfa yana wata 'yar ƙara siririya. Aiki ne da na saba yi, amma ran nan sai na tsaya ina saurarensa. Na tuna da Kaka, da rabin lemon tsami a hannunta, a wani lungu na kasuwar Liwan.

Ina 'yar shekara biyar aka kawo ni Guangzhou, birnin da kasuwar take a ƙasar Caina. Baba yana yi wa 'yan kasuwar Kano lodin kaya. Gidanmu a hawa na tara yake, ba tsakar gida sai baranda inda Mama ke shanya. Idan lokacin baje koli na Pazhou ya zo, falo kan cika da baƙi, Kanawa da mutanen Maraɗi, a shimfiɗa tabarmi har ƙofar kicin. Lokacin ne iska ke yin nauyi, bango ya riƙa gumi, wanki ya kwana uku bai bushe ba, gida na ƙanshin daddawa da danshi. A irin wannan lokaci ne Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo a yi mata aikin ido. Ina jin shekarata goma sha biyu, ko da yake Mama na cewa sha uku.

Babu abin da ya burge Kaka a garin, daga jirgin da ke bin ƙarƙashin ƙasa har dogayen benaye. Abu ɗaya ta sa a gaba. A gidansu, kowace 'ya mace daga hannun kakarta take samun murjaninta, ba uwa ke saya ba. Nata da ta gada, ta yi ta tsinkewa tana rabawa har ya ƙare kafin a zo kaina.

"Ke kika yi nisa, 'yar Caina," in ji ta. "Amma an ce garin nan ba abin da babu. Ba zan koma ba sai na ga abu a wuyanki."

Muka fita da ita da Mama, ni ce tafinta. Wasu shagunan da na tambaya sai su kaɗa hannu su ce meiyou, wato babu. Wasu su zubo mana roba da gilashi masu jan launi. Kaka ba ta gani sosai, amma ba a yi mata wayo. Sai ta ɗauki ƙwaya ta ƙwanƙwasa a haƙori, ta matsa mata lemon tsami, ta kai kunne. In ba ta ji kumfa ba, ta ajiye ta ce, "Gaya wa laoban, mai shagon nan, ya kai wa yara su yi 'yar carafke." Masu shago na ta dariya, ita ko a jikinta.

Can cikin wani lungu muka tarar da wani tsoho. Ya dubi ƙofa tukuna, sannan ya jawo ƙaramin akwati daga ƙarƙashin kanta. Kaka ta matsa lemo, ta saurara, fuskarta ta washe.

"Wannan shi ne dutsen gaske," ta ce. "Irin wanda ake haƙowa wajen Makka."

Tsohon ya tambaye ni abin da ta ce. Da na faɗa masa, ya girgiza kai. Ya ce ba dutse ba ne, wata halitta ce a cikin teku. Mahaifinsa masunci ne, kuma a zamaninsu sukan ɗaura wa raga duwatsu su ja ta a ƙasan ruwa, ta kakkarya duk abin da ta tarar, kaɗan ne kawai ke biyo ta sama. Inda aka yi haka kuwa kifi kan ƙaura. Ya ce yanzu hukuma ta sa ido, shi ya sa akwatin yake ɓoye.

Na fassara duka. Sannan na ƙara nawa, wanda har yau nake jin kunyarsa. A makaranta an nuna mana hotuna, ni kuwa ina ji da sabon ilimi. Na ce, "Kaka, ƙashin dabba ne fa. Masu saye su ne ke kashe teku."

Ba tekun ne ya fara tsorata ta ba. Ta dafe ƙirji ta ce a hankali, "Ashe mushe na rataya ina salla duk shekarun nan?" Mama ta ce abin ruwa ba ya zama mushe, kuma da muka koma gida wani malami cikin baƙinmu na Maraɗi ya tabbatar mata. Amma murjanin dai ta saya.

Kwana huɗu ta yi tana shirya shi a zare da kanta, da ido ɗaya a rufe da bandeji, tana lalube. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, falo cike da mutane, ta kira ni in sunkuya ta rataya mini. Na ja da baya, na ce ba na so.

Baba ya ɗago ya dube ni. Kaka ce ta cece ni. Ta ce, "Dama wannan wuya naki irin na zalɓe, ina zai ɗauki murjani?" Aka yi dariya, aka ci gaba da cin abinci. Sannan ta miƙa wa Mama murjanin ta ajiye.

Ana gobe za ta tafi, ina taya ta haɗa kaya, ta tambaye ni ko abin yana sake tsirowa in an karya. Na ce yana yi, amma a hankali ƙwarai, mai yiwuwa ya fi rayuwar mutum.

"Kamar bishiyar kuka ke nan," ta ce. "Wanda ya sare ba ya ganin dawowarta." Ta ninke zane, ta ɗora a jaka. "Gaskiyarki ce, 'yar Caina. Amma da kin faɗa mini a ɗaki."

Damina biyu bayan nan ta rasu. Ban sake ganinta ba.

Yanzu ilimin teku nake karantawa, kuma ba zan ce don ita ba ne, ba zan kuma ce ba don ita ba ne. Malamanmu sun kai mu gaɓar kudu, na leƙa ƙarƙashin ruwa na ga wurin da murjani ya koɗe ya yi fari fat, ba kifi sai jefi-jefi, da leda maƙale a jikinsa. Ya kamata in faɗa cewa wannan ba irin jan da ake ratayawa ba ne, dangi ne dai. Kuma iya abin da na fahimta, abin da ya fi cin sa shi ne ɗumamar ruwa, da ƙazantar birane, da cike gaɓa don gini, da kamun kifi ba kan gado. Kwantenonin da suka ciyar da ni ma ta kan ruwan nan suke bi. Ni kuwa duk na tattara laifin na ɗora wa tsohuwa mai ido ɗaya.

Kwanan baya Goggo, ƙanwar Baba, ta aiko mini da saƙon murya. Ta yi jika mace, tana so in nemo mata murjani na gaske. Sau uku ina ɗaukar amsa ina gogewa. Daga ƙarshe na kira ta, na fara tambaya ko ita kaɗai ce a ɗaki. Na ce ba zan iya sayen sabo ba, na faɗi dalili, amma zan aiko mata da na Kaka.

Ta ce, "Wanda kika ƙi?"

Na ce shi.

"Aiko," in ji ta. "Amma sai kin rataya shi ko na yini ɗaya ne. Ba a kyauta da abin da ba a karɓa ba."

Jiya na karɓo shi wurin Mama, na sa a ƙarƙashin hijabi na tafi makaranta. Ya fi yadda na zata nauyi, kuma ƙullin da ta yi a zaren bai ko motsa ba.